Kwanon Maharazu

Tun da aka ce Maharazu na da ciwon suga, matarsa Salmatu ta koma ɗora tukunya biyu. Ta gida ba ta da wahala, abin da aka samu shi ake ci. Tasa ce mai cin rai. A jiƙa wake, a tsinke zogale, a tuƙa tuwon dawa da dusarsa, a yanko malmalar da ba ta wuce dunƙulen hannu ba, a zuba mai kaɗan kamar ana rowa. Haka malamar asibiti ta koya mata, ita kuwa ba ta taɓa tsallake ko ɗaya ba. Ta gaji, irin gajiyar da barci ba ya saukewa.

Abin haushin, duk wannan wahala ba ta nuna a jikinsa ba. Maharazu ɗan kamasho ne a tashar motocin Maraɗi da ke bakin boda, a tsaye yake wuni yana kiran fasinja. Tun damina wani gyambo ya fito masa a babban yatsan ƙafa, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Kullum da yamma Salmatu ke wanke shi ta sake ɗaurewa.

Ranar da suka koma awo, malamar ta duba na'ura, ta duba ƙafar, sannan ta ɗago ta dubi Salmatu, ba shi ba.

"Baiwar Allah, me kike ba shi? Sugan nan bai sauka ba. In ya ci gaba a haka Katsina za mu tura ku, can kuwa yanke yatsan za su yi, in ma a yatsan aka tsaya."

Salmatu ta rantse abin da aka koya mata kawai take ba shi. Shi kuwa gogan ya tsura wa silin ido kamar shi ya kafa shi. A hanya ta yi ta lissafa inda ta yi kuskure. Ko gishirin ne? Ko waken ne ya yi yawa?

Amsar da ƙafarta ta shigo gidan. Bilki ce, matar Ɗantala abokin aikinsa, ta yi sallama da hantsi ta zauna a bakin murhu.

"Yaya Salmatu, don Allah ki koya mini zogalen ga naki. Malam ya hana ni sakat. Ya ce duk kwanonin ciyayya naki ya hi daɗi. Shi da Kalilu direban kamyo, babbar motar kayan nan, su ka cinye shi tas. Wallahi har tumbinshi ya sauka."

Muciya ta tsaya a hannun Salmatu. Ciyayya! Ta san da ita mana, wa bai sani ba? In an sallame Azahar mazan tasha su baje tabarma a rumfa, kowa ya buɗe kwanon da aka kawo masa daga gida, a tura tsakiya, hannu ya shiga inda ya ga dama. Ita dai ta ɗauka ya gaya musu. Ashe wata da watanni Ɗantala take yi wa magani, mijinta kuwa yana can yana ɗibar farar shinkafar Bilki da taliyar gidan wani abokinsu Isah, ya kora da fura mai suga, ya rufe da shayin Kalilu wanda cokali ke iya tsayuwa a cikinsa.

Da yamma ta bari sai da ya miƙo ƙafar, ta kwance bandejin, sannan ta yi magana.

"Malam, wa ka cin kwanonka?"

Bai yi gardama ba. Ya sauke numfashi kawai. "Kwanon ciyayya ba shi da mai shi, Salmatu."

"Ƙahwar hwa? Ita ma ta ciyayya ce?"

"In ce masu mi? In jaye kwanona in koma gehe kamar marowaci? Kin manta lokacin da anka ruhe boda? Ba mota, ba lodi, hannu biyu ni ka tahiya rumhwar ga. Ba wanda ya taɓa dubana, matsawa su ka yi in zamna. Yanzu don ni ke da abinci na musamman sai in ce kar a taɓa?"

Ba ta manta ba. A lokacin ita da yara da abin da ya rage a kwanon Bilki suka sha kwana. Shi ya sa haushin ya rasa inda zai sauka, ya dawo ya zauna mata a ƙirji. Ta ji tausayinsa, ta kuma ji kamar ta kwaɗa masa ludayi.

Ta roƙe shi ya gaya musu da bakinsa. Ya ce to. Washegari kwano ya dawo a suɗe tas, har da ƙwayar shinkafa manne a murfin. Mutum ne da zai iya cika mota da fasinjan da ba su yi niyyar tafiya ba, amma ya kasa buɗe baki ya ce ba shi da lafiya.

Sai ta yafa mayafi ta nufi gidan Bilki. Ta koya mata zogalen, ta kuma gaya mata komai, har maganar Katsina da yankan yatsa. Ta roƙe ta kada ta gaya wa kowa, don ta san hakan ne zai sa maganar ta riga motar farko isa tasha.

Ran nan Maharazu ya dawo tun kafin La'asar, yana jan ƙafa. Ya ajiye kwanon a gabanta. Rabin abincin kawai ya ci.

"Kin kyauta," ya ce, ba tare da ya dube ta ba. "Ina buɗewa sunka turo mini shi gabana. Ɗantala har da roƙon gahwara. Kalilu ya ɓoye butar shayi bayanshi kamar ni ɗan yaye ne. Na kai hannu kwanon Isah don in gwada, sai ya ɗage shi yana dariya. Suna ci tare, ni ina ci ni kaɗai a tsakiyarsu. Ko ɗanɗano ban ji ba."

Salmatu ta so ta ce ya yi haƙuri, sai ta ga haƙurin ba zai mayar masa da komai ba. Ta san abin da ta ƙwace masa, ta kuma san ba za ta mayar ba. Ta jawo kujera da ruwan ɗumi.

"Gobe ma haka za ka ci, Malam. Ka ci kai kaɗai, da ƙahwarka biyu. Miƙo."

Ya miƙo. Haka suka ci gaba, tana ɗora tukunya biyu, yana dawo da rabin kwano, magana tsakaninsu sai ta dole. Wata yamma ta kwance bandejin ta ga bakin gyambon ya fara bushewa, ya haɗe kaɗan daga gefe. Ta ɗago da sauri don ta nuna masa.

Yana can ya juya fuska wajen ƙofa, yana sauraren hon ɗin motocin tasha. Ta ɗaure ƙafar a hankali, ta tashi ta jiƙa waken gobe.