Uwar Ƙullu Ba Ta Fita Bayan Magariba

Ranar ashirin da tara ga Sha'aban, da hantsi, na buɗe tukunyar uwar ƙullu na tarar ta mutu.

Ni na kashe ta, ba kowa ba. Duk shekara idan azumi ya matso mukan shafe shagon da farar ƙasa, bana na ce da hannuna zan yi. Na manta ban rufe tukunyar ba. Farar ƙasa ta ɗiga a ciki, ta kwana. Ƙullun da na saba gani yana kumfa yana tashin tsami mai daɗi ya kwanta shame-shame, ruwa toka-toka a kansa.

Shekara sittin da 'yan kai tana gidanmu. Kakana ya fara ta, babana ya raine mu da ita. Kullum a ɗebi rabi a kwaɓa zalabiya, soyayyen kayan zaƙi mai kama da alkaki, a mayar mata da gari da ruwa. Ita take sa zalabiyarmu ta yi rami a ciki, ta sha zuma ta cika, ta yi ƙaras a haƙori. Albarkacinta ne layi yake kaiwa ƙofar masallaci kowace la'asar ta azumi. Ga shi yau za a duba wata.

"Houria!" na ƙwala wa matata kira.

Ta sauko daga bene hannunta duk tumatir, ta leƙa tukunyar, ta dube ni.

"Inna lillahi. Rabah, me ka yi?"

"Kawo yisti. Na kanti."

"Yisti? A shagon babanka?"

"Kawo, na ce!"

Na kwaɓa kaɗan, na rufe da bargo, na yi ta kai da kawo kamar mai jiran haihuwa. Ana sallame azahar na ɗora mai, na zuba ƙullun a mazurari, na murɗa shi a kasko. Ya yi ja, ya yi kyau a ido. Na tsoma shi a zuma na miƙa wa Ammi Belkacem, wato Baffa Belkacem, tsohon wanzamin da ke jikin shagona, wanda ya ci zalabiyar kakana tun yana da haƙora.

Ya gutsura, ya tauna, ya ƙara taunawa.

"Ɗana, igiyar takalmin wa ka soya?"

"Ammi, don Allah."

"To don Allah ɗin nake gaya maka. Idan wannan za ka sayar gobe, bari in ara maka aska ka koma sana'ata."

Houria ta jira ya fita, sannan ta ce a hankali, "Je wurin Zhor."

Na yi kamar ban ji ba.

Zhor yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ranar sadakar arba'in ɗin babanmu ta nemi in ɗibar mata uwar ƙullu ta tafi da ita ƙauyen mijinta a kan dutse. A gaban dangi na ce mata uwar ƙullu ba ta bin mace gidan miji. Ashe ta cika kofin gahawa ta ɓoye a mayafi. Da na gane, na bi ta har tasha na rantse ƙafata ba za ta taɓa taka gidanta ba. Na dawo na goge "da 'ya'yansa" da sunan Baba daga allon shagon, na rubuta sunana ni kaɗai. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Ko da mijinta ya rasu, a maƙabarta na tsaya na juyo.

"Ba ni da lambarta," na ce.

"Ni ma haka," Houria ta ce, idonta a kan tumatir. "Amma kana da ƙafa."

"Wa ya sani ko ta bar ta ta mutu tuntuni?"

"Ka zauna nan ka yi ta tambayata har a ga wata."

Na cire rigar aiki, na ɗauki tukunya sabuwa, na fita da gudu.

Messaoud na samu a tasha, abokina tun makarantar allo, yana gyangyaɗi a tsohuwar tasinsa. Na faɗa gaba na buga ƙofa.

"Dutse. Gidan Zhor."

Ya buɗe ido ɗaya. "Wa ya mutu?"

"Uwar ƙullu."

Ya buɗe ɗayan, ya tada mota.

Ba mu yi nisa ba muka maƙale. Duk garin ya fito kasuwa: masu sayen sabuwar tukunyar shorba, miyar buɗa-baki, masu ɗanyar alkama, masu dabino, mata da kwanduna suna ratsa titi kamar na ubansu. Na leƙo ta taga ina daka wa mai amalanken lemo tsawa. Wani ya gane ni ya ɗaga murya, "Si Rabah, a ajiye min kilo biyu gobe!" Na sunkuyar da kai.

Sai bayan la'asar muka fita gari. Messaoud ya dubi rana, ya dube ni.

"Ka dai san ba a fitar da ita bayan magariba."

"Na sani."

"Gishiri, allura, uwar ƙullu. Idan rana ta faɗi suka fita, albarkar gida ta bi su. Kuma Zhor, yadda na san ta, ko gobara ake yi..."

"Na ce na sani! Taka motar nan!"

"Ina takawa, ranka ya daɗe. Ita ce ba ta ji."

Mun wuce gonakin lemo, muka fara hawa. A kwana ta uku garken tumaki ya tare hanya, makiyayin yana tafe yana waya. A kwana ta bakwai motar ta yi tari, hayaƙi ya turnuƙe gabanta. Messaoud ya fito ya ɗaga murfi ya ja da baya.

"Ƙishi take ji. Sai ta huce."

"Minti nawa?"

"Tambaye ta, ƙila kai ta amsa maka."

Rana ta riga ta zauna a kan dutsen yamma, ja kamar garwashi. Ga ƙauyen can sama, ina hango hasumiyar masallacinsa. Na rungumi tukunyata na bar titi, na bi hanyar awaki. Shekarata hamsin da uku, rabinsu a gaban kasko na yi su ina ɗanɗana. Na faɗi sau biyu. Ƙaya ta yage min wando. Takalmi ɗaya ya cire, ban tsaya ba.

Na same ta zaune a bakin ƙofarta, daga ciki, faranti a cinya tana tsince tsakuwa daga alkama. Ta yi furfura. Fuskar innarmu ce sak. Na tsaya taku ɗaya daga dokin ƙofa ina haki.

"Yaya."

Ba ta ɗago ba. "Wane ne?"

"Ni ne. Rabah."

"Wane Rabah? Akwai Rabah mai gyaran famfo, akwai Rabah mahaukaci na bakin rijiya."

"Yaya, don girman Allah, rana za ta faɗi. Uwar ƙullu ta..."

"Au, ba gaisuwa? Haka ake yi a birni yanzu?"

"Ina wuni."

"Lafiya lau. Ya Houria?"

"Lafiya. Yaya, na zo ne..."

"Ya Nassima? An ce ta haihu."

"Ta haihu, namiji."

"Masha Allah. Wa aka sa masa?"

"Sunan Baba."

"Ashe kana tuna shi. Ya Lyes? Ya ƙaramar, mai hushirya?"

Ta bi 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya, ta koma maƙwabta, ta tambayi ko Ammi Belkacem yana nan da rai. Ina amsawa ina waiwayen rana. Saura ɗan baki kamar yankan kankana. Na miƙa tukunyar ta saman dokin ƙofar.

"Cokali ɗaya, Yaya. Ɗaya tak. Idan tana nan."

Sai lokacin ta ɗago. "Tana nan. Kullum sai ta ci kafin in ci. Ko ranar da aka fitar da gawar mijina ban manta da ita ba, kuma ban taɓa yi mata wanka da farar ƙasa ba."

Ban ko tsaya tunanin inda ta ji wannan ba. "To ba ni!"

"In ba ka me? Ai uwar ƙullu ba ta bin mace gidan miji. Wannan da ke ɗakina ƙila tsamin banza ne."

"Na yi kuskure."

"Me ka ce? Kunnen nan ya tsufa."

"Na ce na yi kuskure!"

"Maƙwabta ba su ji ba. Ranar arba'in ɗin Baba kuwa kowa ya ji."

Na juya na fuskanci lungun, ƙafa ɗaya ba takalmi, na buɗe murya. "Jama'a, ni Rabah ɗan Slimane mai zalabiya, na zalunci yayata!"

Wata taga ta buɗe. Wata tsohuwa ta ce, "Mun daɗe da sani."

Zhor ta ajiye farantin, ta dafa gwiwa, ta miƙe a hankali kamar wadda aka biya ta yi jinkiri. Ta karɓi tukunyar, ta juya ta, ta ƙwanƙwasa gindinta, ta ce ba a wanke ta da kyau ba. Ta yi taku uku zuwa madafa.

Ladan ya ce, "Allahu akbar."

Ta tsaya cak. Ta dawo, ta ajiye tukunyar a gabana, wayam.

"Shi ke nan. Rana ta faɗi."

"Yaya, minti ɗaya ne! Bai ma gama kiran ba!"

"Inna ta taɓa fitar da ita bayan magariba? Kai da bakinka, ta taɓa?"

Ba ta taɓa ba. Na tuna ranar da matar limami ta zo da kofi da almuru, Inna ta ba ta burodi biyu ta sallame ta. Na zauna daɓas a ƙasa. Ko da asuba ta ba ni, kafin in sauka, in kwaɓa, ƙullu ya tashi, ranar farko ta wuce. Layin zai zo ya tarar da ƙofa a rufe, karo na farko tun zamanin kakana, kuma kowa zai san dalili.

Messaoud ya iso yana numfarfashi, takalmina a hannunsa. Ya dube ni, ya dubi tukunyar.

"Lalla Zhor, ina wuni. Mun makara ke nan?"

"Kai ba ka makara ba, Messaoud, shigo ka sha ruwa. Ba kai ka yi rantsuwa ba." Ta gyara mayafi, ta yi magana kamar da bango take yi. "Ita ce dai ba ta fita. Ban taɓa jin an ce mai kwaɓi ba ya shiga ba."

Ta matsa gefe. Ta bayanta na hango tsakar gida: buhun gari sabo an riga an farke bakinsa, manyan robobi huɗu a wanke a kife, tulun ruwa, har da bargunan rufe ƙullu a ninke.

Na dube ta. "Aikin Houria ne."

"Duk Juma'a muke waya, shekara goma sha ɗaya. Kai kaɗai ne ba ka da lambata a gidanku."

"Da gangan kika ja ni da surutu."

"Ni? Gaisuwa kawai na yi."

Na dubi dokin ƙofar. Dutse ne ɗan siriri, bai kai tafin hannu ba.

"Na rantse, Yaya."

"Sai ka ciyar da miskinai goma. Mai zalabiya ne kai, ba za ka talauce ba. Shigo ko ka tafi, sauro yana shigar min gida."

Na ɗaga ƙafar da ba takalmi na taka.

Bayan mun yi salla ta fito da ita, a cikin tsohuwar tukunyar ƙasa naɗe da rigar Baba. Tana buɗewa ƙamshin ya bugi hancina, na juya baya don kada Messaoud ya ga idona. Ya gani. Ya ce hayaƙin motarsa ne, yakan yi wa mutane haka.

Na naɗe hannun riga na hau kwaɓi. Zhor tana tsaye a kaina tana ta faɗa. Ruwan ya yi yawa. Hannunka ya mutu. Haka Baba ya koya maka? Ina roba ta uku rediyon maƙwabta ya sanar an ga wata, guɗa ta tashi daga wannan gida zuwa wancan. Ban ɗago ba, na ci gaba da dukan ƙullu.

Da gari ya waye robobin huɗu sun taso har suna ture barguna. Messaoud ya sauka ya hauro da motar, muka jera su a baya. Na dawo da tukunyata in karɓi rabona, sai na ga Zhor ta fito da mayafin fita, ta kulle ƙofa, tukunyar ƙasar a ƙirjinta.

"Ina zuwa, Yaya?"

"Ba na ba da aro ga mai kisa. Inda za ta, nan za ni. Koma baya ka riƙe robobi."

Ta shige gaba ta zauna.

Ana kiran la'asar na zuba ta farko a mai. Ta kumbura, ta yi ja, na tsoma ta a zuma ta shanye har ta yi nauyi. Ammi Belkacem yana azumi, ba halin ɗanɗanawa. Ya ɗaga ta saitin rana, ya ga zuma tana gudu a cikin raminta, ya matsa ta a kusa da kunnensa ta ce ƙaras.

"Kilo ɗaya," ya ce. "Askar kuma na fasa ba ka."

Layi ya riga ya kai ƙofar masallaci. Zhor ta karɓe mazurarin daga hannuna, ta ture ni da kafaɗa.

"Goma na farko na miskinai ne, kada ka manta. Kuma na ga sauran fenti a bayan ƙofa. Ga tsani can, ga allo can, mayar da abin da ka goge. Hau."

Na hau.