Saƙon Ya Isa

Layin ya fito kore a allon kwamfutar Auta.

"An tura saƙo." Ƙarƙashin rubutun ga lambar wayar Mama, ba ragi ba ƙari.

Innalillahi! Ta dafe ƙirji ta matso da fuskarta, wai ko idonta ne. Ina! Ba na wasa ba ne, saƙon gaske ne ya fita daga ɗakin nan da rana tsaka, ya nufi wayar mahaifiyarta: "Ina cikin haɗari. Ku zo yanzu."

Manhajar ta neman agaji ce, irin wadda ake barin rubutunta a buɗe, kowa ya sauke ya gyara don Allah. Mace in ta ga wuya sai ta danna maɓalli ɗaya, saƙo ya tafi ga wanda ta amince da shi. Auta ta ci karo da aikin ne tana koyon rubuta manhaja a ɓoye, a tsohuwar kwamfutar da yayanta ya bar mata. Maigidanta bai sani ba. Shi a saninsa kwamfutar ta kallon katun ce ta 'yarsu, wadda ke sharar barci a kan kujera yanzu haka, yatsa a baki.

Mai kula da aikin wata mata ce da Auta ba ta taɓa gani ba, Anti kawai take ce mata. Ita ta rubuto cewa, "Kafin ki turo gyaranki, ki harhaɗa manhajar a kwamfutarki, ki gwada, sai komai ya yi kore." Faɗi da sauƙi! Kwana da kwanaki allon nan na watsa mata jan rubutu, wannan ya ɓata, wancan ya tsufa. Ta sauke, ta goge, ta taɓa nan ta taɓa can, har ta daina tuna abin da ta taɓa. Ashe cikin fafutukar ta juya layin da ke hana saƙon gwaji fita waje. Da aka nemi lambar waya kuwa, wadda ta haddace tun tana yarinya yatsunta suka rubuta.

Wani layin ya sake fitowa. "Ba a amsa ba. Ana sake turawa."

Wayyo Allah, gyaranta ne ke aiki. Ita da kanta ta kawo shawarar cewa in ba a amsa ba manhajar ta yi ta nanatawa, don ta san kira ɗaya ba ya tayar da kowa. Anti har yaba mata ta yi, ta ce ina ta samo wannan tunani.

"An tura. Ba a amsa ba. Ana sake turawa."

Maɓallan da ake tsayar da gwaji suka ɓace mata fat. Ta danna wannan, ta danna wancan, daga ƙarshe ta fizgi wayarta ta kashe datar da kwamfutar ke ja. Allon ya tsaya, jere da korayen layuka.

* * *

Ta kira Mama, aka ce layin na kan wani kira. Ta sake, haka.

Tsoro ya hana ta zama. Ta shiga kicin ta fito ba ta san abin da ya kai ta ba. In Mama ta taho hankali tashe, maƙwabta za su ji, Maigidan ma zai ji. Mutumin da ke bincika wayarta kamar ɗan sanda, wanda ya murɗe mata wuyan hannu a kan ta gaisa da mai kawo gas, har yau ba ta iya matse wanki da kyau. Ta ce wa matar maƙwabci santsin banɗaki ne, matar ta ce Allah ya sawwaƙe, ba ta kalli idonta ba.

Amma can ƙasan tsoron akwai wani abu da ta ji kunyar kansa. Ta hango Mama ta banko ƙofa, mayafi a karkace, Kawu na biye, ana cewa, "Ɗauko 'yarki mu tafi." Sai ta tsinci kanta a tsugune tana leƙen akwatinta a ƙarƙashin gado.

Wayar ta yi ƙara, ta kusa suɓuce mata.

"Auta, wane irin saƙo ne wannan, wani kan wani? Kin tsinka min zuciya, ina tsakiyar aiki."

"Mama, kuskure ne, wallahi gwaji nake yi a kwamf..."

"Ya sake ne?"

Ashe dai Mama ta sani. Hawaye suka cika idon Auta, bakinta ya buɗe zai faɗi komai.

"To, na kira shi," in ji Mama. "Na ba shi haƙuri."

"Kin kira shi, Mama?"

"To wa zan kira? Ba shi ne mijinki ba? Bawan Allah sai mamaki yake, ya ce lafiya lau ya bar ki da safe. Na ma tura masa saƙon ya gani da idonsa. Ya ce yana tafe."

"Mama..."

"Ki saurare ni. Ki wanke fuskarki, ki tarbe shi da kyau, kada ki ɗaga masa murya. Ke ma akwai baki, na san halinki. Ki rufa mana asiri, 'yar nan, kowace mace da kike gani da abin da take haɗiyewa. Allah ya yi miki albarka."

Layin ya katse.

* * *

Ta koma gaban kwamfutar da niyyar goge komai. Ta mayar da layin nan yadda yake, ta cire lambar Mama. Da ta kunna data sai ga rubutun Anti ya shigo, har da 'yar fuskar murmushi.

"Ƙanwata, ya gwajin? Yana nanatawa kuwa? Ki turo mu gani, mata da yawa za su amfana."

Auta ta daɗe tana kallon korayen layukan. Babu ja ko ɗaya. Tun da ta fara, yau ce ranar farko da komai ya yi daidai.

Hon ɗin motarsa ya tashi a ƙofar gida, dogo, sau biyu.

Ta fasa gogewar. Ta buga umarnin tura gyaran, ta yi kuskure, ta sake bugawa, ya tafi. Ta rubuta, "Yana aiki, Anti. Saƙon ya isa." Sannan ta rufe komai.

Ƙarar hon ta tashi yarinyar, ta zauna tana murza ido. "Umma, Abba ne?"

"Shi ne. Zo nan, 'yar albarka."

Ta ɗauke ta ta kai ta ƙuryar ɗaki, ta ɗora mata kwamfutar a cinya, ta kunna mata katun ɗin kyanwar da take so. Daga tsakar gida aka buga ƙofar mota, takalmi ya fara takowa a kan siminti ba gaggawa.

Auta ta sa yatsa ta ƙara sautin katun ɗin har ƙarshe, ta ja wa yarinyar ƙofa, ta je ta wanke fuskarta.