Dutsen Taimamar Inna Kulu

Shamsiyya ta birkice ɗakinta kaf tana neman dutsen, ashe yana kan dardumar kakarta, Inna Kulu.

Ba dutsen banza ba ne. Yashi ne da ya dunƙule tun zamanin da masana ke kira Kambiriyan, shekara sama da miliyan ɗari biyar. Malaminta na jami'a ya tsinto shi can arewacin Nijar, kuma babu na biyu. Duwatsunmu na nan Kalambaina jarirai ne a gabansa. Aikinta na kammala digiri shi ne a yanki ɓallinsa, a goge har haske ya ratsa, ta duba ƙwayoyinsa a madubin ƙara girma, ta faɗi ajinsa: zallar yashi ne ko gauraye. Ranar Alhamis mai injin yankan zai tafi hutu. In ba a yanka ba, sai baɗi.

Inna kuwa likita ya hana ta taɓa ruwa saboda ciwon hannu, ga gidan ko'ina siminti, babu ƙasar taimama.

"Inna, dutsena na," in ji Shamsiyya.

"Ke kinka halicce shi? Siminti wuta ta ci shi, ba a taimama da shi. Wanga ko wuta ba ta taɓa shi ba."

Shamsiyya ta kawo mata farin dutsen Kalambaina, Inna ta ce yana bar mata gari kamar mai tuƙa tuwo. Ta kawo jan marmara, ta ce yana kartar ciwon. Haushi ya ishi yarinyar har ta yi kuka, amma taurin kan nan gado ne. Ranar Alhamis ta zauna bakin darduma sai da Inna ta sallame azahar.

"Ara mani shi, Inna. Kafin la'asar yana hannunki."

"In kin makara, sallata na wuyanki, ja'ira."

Ta hau babur ɗin kabu-kabu daga Ƙofar Taramniya zuwa jami'a, dutsen a ƙirji. Malam Tukur mai injin ya jujjuya shi, ya nuna shimfiɗaɗɗen gefen da ya yi duhu da shafar tafin Inna.

"Nan za mu yanka. Bayan akwai tsaga, in ya watse ba ruwana."

"Malam, ta bayan dai. A hankali."

Ya yi tsaki ya kunna inji. Shamsiyya ta tsura wa dutsen ido, ba ta ko ƙifta ba. Ɓallin ya fita a gutsure, ɗan mitsitsi, iyakar abin da zai isa.

Ladan na kiran la'asar ta faɗo gida tana haki. Inna na zaune, ta riga ta buɗe tafuka. Ta laluba dutsen, ta tarar da wurin da take shafawa yana nan yadda ta bar shi. Ta ɗago ta kalli jikarta.

"To matsa," ta ce. "Kin tsaya mani gaban alƙibla."