Gurbin Sunan Waƙa

Wata bakwai Malama ta ɗauka tana gina rumbun bayanan faifan garmaho. Shekara talatin ta yi a ɗakin ajiyar faifai na gidan rediyo kafin ta yi ritaya, don haka ta san tsari. Kowane faifai da layinsa a kwamfuta: lambarsa, kamfanin da ya buga shi, shekara, mawaƙi, sai sunan waƙa kamar yadda yake rubuce a takardar da ke manne a tsakiyar faifan. Da ta gama shigar da nata guda ɗari shida, ta ɗora shi a intanet, ta ba masu tara faifai su goma sha ɗaya izinin shigar da nasu.

Sati uku kacal aka yi abin ya fara lalacewa. Wani ya sa shekara a gurbin lamba. Wani kuma duk mawaƙin da bai sani ba sai ya rubuta "wani mutum". Amma wanda ya fi ƙona mata rai shi ne kawunta, ƙanen mahaifiyarta, tsohon mai gyaran garmaho da kowa ke kira Allura. Faifai ɗari huɗu ya shigar, da yatsa ɗaya, kuma a gurbin sunan waƙa babu ko ɗaya da ya bi takarda. "Mai tari." "Wadda jirgi ya wuce." "Ta matar direba."

Ta kira shi sau biyu tana yi masa bayani. Duk biyun ya ce, "To, na ji," ya ci gaba da abinsa. Ranar wata Laraba da hantsi, bayan ta ci karo da "Mai tari ta biyu", ta zaɓe gurbin nasa daga sama har ƙasa ta goge. Ta aika masa saƙo: "Kawu, na share maka gurbin. Don Allah ka kwafo abin da ke jikin takarda." Bai ba da amsa ba.

Bayan kwana goma wata mai sayar da magani ta kira ta. A intanet ta ga rumbun. Tana neman wata waƙa da mahaifiyarta, wadda ke kwance ba lafiya, take ta tambaya.

"Mene ne sunan waƙar?" in ji Malama.

"Ba ta san sunan ba. Ta ce ita ce wadda ake jin ƙarar jirgin ƙasa a tsakiyarta."

Malama ta koma kan kwamfutarta. Ta buɗe layukan kawunta, ɗari huɗu, gurbin fari fat. Ba ta ajiye kwafi ba kafin ta goge. Ita da ta shekara talatin tana yi wa sababbin ma'aikata faɗa a kan ajiye kwafi.

A satin nan wasu mutum huɗu suka kira, babu wanda ya zo da sunan takarda. Kowa da abin da kunnensa ya riƙe.

Ranar Asabar ta ɗauki kwamfutarta ta tafi shagonsa. Ɗaki ne ƙarami a bayan wani kantin taya, faifai jere a kan katako har rufi, ga ƙanshin man keke. Ta same shi ya kwance kayan cikin wani garmaho a kan tsumma.

Bayan sun gaisa ta ce, "Kawu, na yi kuskure. Zan buɗe sabon gurbi, na sunan da mutane ke kiran waƙa. Ka ba ni takardar da ka kwafo sunayen daga ciki."

"Wace takarda?" Bai ɗago ba. "A kaina suke. Sai na sa faifai na ji, sannan sunan ya zo. Wata biyu na yi ina yi."

"To ko wadda jirgi ya wuce, wace lamba ce?"

"Ni na san lamba? Ke ce mai lamba."

 Ya goge hannunsa, ya zaro wani faifai daga tsakiyar jeri, ya miƙa mata. "Karanta takardar."

Ta karanta: sunan wani mawaƙi namiji, waƙar yabon manoma. Ya ɗora faifan, ya wana hannun garmahon, ya sauke allura. Muryar mace ce ta fito, tana rarrashin jariri.

"Kamfanin ne ya manna takardar wani faifan," in ji shi. "Irinsa sun fi talatin a nan. Wannan kika ce in kwafo?"

"Me ya hana ka gaya mini tun farko?"

"Kin tambaye ni? Bayani kika yi ta yi."

Suka fara daga katakon farko. Ba ya yarda a ɗage allura sai waƙa ta ƙare, ya juya ɗaya gefen, sannan ya ba da labarin wanda ya sayar masa da faifan da abin da ya kashe mutumin. Idan ta ce, "Kawu, sunan kawai," sai ya koma farkon labarin. Kafin la'asar faifai tara suka yi. Babu jirgi a ciki. Ya ce bayansa ya gaji, ta dawo Talata, amma ba da safe ba.

A hanya mai maganin ta sake kira. Malama ta ce mata ana kan nema, ta ji kunyar yadda maganar ta fito kamar ta ma'aikacin ofis.

Da ta isa gida ta buɗe rumbun don ta ajiye kwafi. Wani daga cikin mutum goma sha ɗayan, tsohon malamin makaranta, ya ƙirƙiro sabon gurbi da kansa, ya cika layi sittin da haruffa: A, B, wani wurin B da ɗigo biyu. Babu bayani ko kaɗan. Ta zaɓe gurbin, yatsanta a kan maɓallin gogewa. Ta yi tsaki, ta janye hannun, ta nemo lambarsa.

Wayar ta yi ta ringi har ta katse. Ta sake kira.