Babban Maɓalli da Hannun Inna Nafi

Porgaram ɗin da Zahra'u Ilyas ta rubuta ya yi aiki ranar Laraba da hantsi, bayan kwana uku yana rufe kansa a hannun mutum ɗaya tak. Abin ya faru a zauren gidansu da ke unguwar Katanga, cikin tsohon garin Agadez, kuma mutumen nan ɗaya ita ce Inna Nafi, ƙanwar mahaifiyarta.

Zahra'u tana da shekara talatin da ɗaya. Wata huɗu ke nan tana koyon aikin ordinater, wato kwamfuta, a wata cibiyar mata. Malaminsu, Mushe Nomau, ya ce kowa ta kawo ɗan porgaram ranar Alhamis, kuma wani ne zai gwada shi a gabansa. Wadda nata ya tsaya, za ta maimaita ajin farko.

Ita ta zaɓi zaurance, wasan nan na ɓoye magana da suka tashi da shi. Ka rubuta magana, na'ura ta ƙara wa kowace gaɓa jela: "na zo" ya koma "nada zodo". A hannunta bai taɓa gardama ba. Amma ta riga ta ba da sunan Inna Nafi a matsayin mai gwaji, don duk unguwar babu wanda ya kai ta zaurance. Da Inna ta zauna gaban na'urar, sai rubutun ya ɓace bat.

"Abin nan naki tsorona yake ji," in ji Inna.

"Inna, me kika taɓa?"

"Ni? Ko gaisuwa ba mu yi ba."

Zahra'u ta karanta layukanta ashirin da bakwai daga sama zuwa ƙasa, ta sake daga ƙasa zuwa sama. Ta canza wayar da ke haɗe da na'urar. Ta goge rabi ta sake rubutawa. Ran Laraba ta gaji da kallon fuskar na'urar, sai ta ja kujera gefe ta zuba wa hannun Inna ido.

Inna Nafi baduka ce, shekara arba'in tana ɗinkin jakar fata. Ba ta taɓa soka basilla a fatar aiki ba sai ta fara gwada tsininta a kan guntu. Ta ce bismillahi, ta miƙa yatsa, ta danna maɓallin da ya fi kowane girma sau ɗaya, sannan ta fara neman baƙaƙe.

"Inna! Me ya sa kika danna wancan?"

"In ji ko yana da rai mana. Ke haka nan kike afka wa kayan aiki? Wa ya yi renonki?"

Zahra'u ta kama ciki tana dariya har ɗankwalinta ya zame. Da hannunta ta rubuta wa porgaram ɗin cewa in an danna wannan maɓalli ba a rubuta komai ba, hira ta ƙare, ya rufe. Umurninta yake bi tun ran Litinin.

"To, ki daina danna shi," ta ce.

"Ni zan sake hali saboda akwati? Shi ne yaro, shi zai koya."

Zahra'u ta cire layin. Inna ta ce bismillahi, ta danna babban maɓallinta, na'ura ta tsaya tana jira. Da yatsa ɗaya ta yi ta tsintar baƙaƙe, minti biyu cur. Amsa ta fito: midi yada tada yidi gidi shidi ridi.

Inna ta karanta da ƙarfi ta rangaɗa guɗa. Maƙwabta biyu suka leƙo. Zahra'u ta warware a ranta: miya ta yi gishiri. Miyar da ita Zahra'u ta dafa jiya ce.

"Ko na'ura ta shaida," in ji Inna.

Har azahar matan unguwar suna layi, kowa da baƙar maganar da za ta aika wa wata. Da suka watse, Zahra'u ta zo kashe porgaram ɗin, ta danna babban maɓallin, ya sake tambayarta magana. Layin da ta cire shi ne kaɗai hanyar fita. Gwajin gobe ne da ƙarfe tara, kuma ba ta rubuta wata ba tukuna.