Ƙwarya Uku Zuwa Stockholm

Ranar Lahadi ce, ranar kasuwar Mai'adua, cikin watan Disamba. Gari ya waye da sanyi, sama tas. Malam Jafaru ya zauna a rumfarsa yana zaɓen goron da zai tafi da shi Turai, kuma ranar bai saurari mai saye ko ɗaya ba. Yana ɗauka, yana juyawa, yana sunsunawa, yana ajiyewa. Kafin azahar ya fitar da ƙwarya uku, wato goro ɗari uku, duk marsa ne manya, fari da ja, babu mai tabo.

Shekara talatin da ɗaya yana wannan sana'a, kuma daga Daura har cikin Nijar an san shi da abu guda: goro ba ya lalacewa a hannunsa.

Dalilin tafiyar kuwa neman aure ne. Yazid, ɗan wansa Alhaji Nagoggo, injiniya ne a tashar jiragen ruwa ta Hamburg a ƙasar Jamus. Ya ga yarinya yana so, Ummukulsum, 'yar Dakta Usman mutumin Baure, wanda ya yi shekara ashirin yana aikin asibiti a Stockholm. Uba ba ya zuwa nema wa ɗansa aure da bakinsa, sai ya tura ƙaninsa. Shi kuwa Dakta abu ɗaya ya nema a waya. Ya ce, "Ku bar komai, ku zo mini da goron gida, ɗanye. Na gaya wa mutanenmu na nan za su ci goron Mai'adua ranar Juma'a."

Jafaru ya naɗe goron cikin ganyen fita, ya yi ɗan ƙaramin huhu da buhun algarara, ya sa a jakar hannu. Matarsa Zinariya za ta bi shi don ta ga yarinya ta gaisa da iyaye mata.

Daga Kano suka tashi, suka canza jirgi sau ɗaya, suka sauka Hamburg ranar Litinin ana zuba ƙanƙara kamar ana tankaɗen gari. Zinariya ta fito riƙe da kunnenta, ta kalli Yazid ko gaisuwa ba su gama ba ta ce, "Ɗan nan, in jirgin sama ne zai kai mu gidan surukanka, to ku gaishe su. Sai dai ranar komawa gida, don ba yadda zan yi."

"Inna, awa ɗaya da rabi ce kacal."

"Ko minti ɗaya da rabi ce."

Haka aka canza tsari. Yazid ya sayo musu tikitin jirgin ƙasa, ya kasa tafiyar gida uku saboda gwiwar Zinariya: kwana ɗaya a Lubeck, ɗaya a Copenhagen, sannan Stockholm ranar Alhamis. Shi yana da aiki har Laraba, zai raka su Lubeck ya dawo, sai su haɗu a can ƙarshe. Ya rubuta musu komai a takarda da manyan baƙi, ya saya musu riguna masu kauri da safar hannu da takalma. Jafaru ya ɗora rigar a kan babbar rigarsa, Zinariya ta dube shi ta ce, "Malam, ka koma kamar buhun auduga."

"Ke kuma fa? Da an ajiye ki a gona ko tsuntsu ɗaya ba zai sauka ba."

Lubeck tsohon gari ne na fatake. A bakinsa akwai ƙofar gari ta jan bulo mai hasumiya biyu ƙarti, sun ɗan karkata kamar tsofaffi biyu suna raɗa. Kusa da ita, a bakin kogi, Yazid ya nuna musu wasu dogayen gidaje ya ce rumbunan gishiri ne, da shi garin ya yi arziki shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Wannan ya shiga ran Jafaru. Ya tsaya yana kallo ya ce, "Ashe su ma da gishiri suka fara. Raƙuma ne kawai ba su da su."

A dandalin tsakiyar gari ana cin kasuwar Kirsimeti, fitilu ko'ina, ƙarfe huɗu bai yi ba duhu ya rufa. Zinariya ta ga ana zuba wani jan abu mai tururi a kofuna, ta miƙa hannu ta ce a saya mata zoɓon nan ta ɗumama cikinta. Yazid ya kama hannun rigarta ya ce, "Inna, giya ce suke dafawa."

Ta janye hannun ta goge a jikinta, ko da yake ba ta taɓa komai ba. Jafaru ya yi ta'awizi. Tun da aka kafa Shari'a a jiharsu, shekara goma ke nan, bai ƙara ganin giya a fili ba, sai ga ta a tukunya ana kwasa da ludayi.

A masauki ne damuwa ta fara. Ɗakin yana da wani ƙarfe a jikin bango mai fitar da zafi, ɗakin ya yi ɗumi kamar an hura gawayi. Da safe Jafaru ya kwance huhu don ya duba, ya tarar ganyen fitar ya fara ƙanƙancewa, yana ƙaras-ƙaras a hannu. Goro biyu na sama sun fara yaushi. Ya san wannan alama. Zafi da bushewa su ne maƙiyan goro, tun yana yaro a rumfar ubansa ya san haka. Ya yayyafa ruwa, ya sake naɗewa.

Tafiyar Copenhagen ta zo musu da abin da ba su taɓa ji ba. Jirgin ƙasan ya isa bakin teku, maimakon ya tsaya, sai ya shige cikin jirgin ruwa ɗungurungum. Aka ce kowa ya fito ya hau sama. Zinariya ta ce, "Na gudu daga jirgin sama, ga ni a jirgi cikin jirgi." Jafaru ya fita waje don ya ga tekun da idonsa. Iska ta ɗauke hularsa, zanna bukar da ya ɗinka don wannan tafiya, ta wurga ta ruwa. Ya bi ta da kallo har ta ɓace, ya dawo ya zauna, jakar goro a kan cinyarsa.

A Copenhagen sun ga gidaje jere a bakin ruwa, kowanne da launinsa, da tsofaffin jiragen katako a ɗaure. Sun ga mata da tsofaffi suna tuƙa keke a kan ƙanƙara ba mai faɗuwa. Zinariya ta tsaya tana lissafa su har ta gaji. Shi Jafaru rabin hankalinsa yana cikin jaka.

Da suka shiga masauki ya tarar da irin ƙarfen nan na bango, ya fi na jiya zafi. Ya laluba ya murɗa har ya kashe shi. Ba a yi awa ɗaya ba Zinariya ta fara tari, gwiwarta ta riƙe.

"Malam, kunna abin nan."

"Ki ƙara bargo."

"Na ƙara. Ni da goro wa ka aura?"

"Ke ba kya yaushi."

"To zan daskare. Ka isa Stockholm da goro lafiya da gawa, ka ga an fasa neman aure an koma zaman makoki."

Ya kunna. Ya zauna a bakin gado yana tunani. A gida, in zafin bazara ya matsa, abin da ake yi sananne ne: a jiƙa huhu sosai, a fitar da shi waje inda iska ke kaɗawa, ya kwana cikin raɓa. Ya duba, ɗakin yana da 'yar baranda ta bayan taga. Bayan ya yi sallar isha'i, wadda a garin nan ta shigo tun wajen ƙarfe shida, ya kai huhun wurin famfo ya jiƙa shi har yana ɗiga, ya buɗe ƙofar barandar ya ajiye, ya rufe.

Zinariya ta ce, "Anya sanyin nan bai yi masa yawa ba?"

"Shekara talatin da ɗaya ban taɓa ganin sanyi ya ɓata goro ba."

Gaskiya ya faɗa, bai taɓa gani ba.

Da asuba ya buɗe baranda ya ɗauki huhun, ya ji shi kamar dutse. Buhun ya manne da ƙasa, sai da ya fizga. Ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya ji ƙwal-ƙwal. Ya samu ya ɓamɓaro goro ɗaya daga gefe, ya ga launinsa na nan, jikinsa sumul, babu yaushi ko kaɗan. Hankalinsa ya kwanta. Har ya nuna wa Zinariya ya ce, "Kin gani ko?"

Awa biyar ce zuwa Stockholm, kuma jirgin yana da ɗumi. Sun wuce wata doguwar gada a kan teku, suka shiga dazuzzuka farare fat. Wajen rabin hanya Zinariya ta ji danshi a ƙafarta. Ta duba, ruwa ne ke ɗiga daga jakar, ruwan kuma ba fari ba ne, ja-ja ne kamar na jiƙo. Jafaru ya buɗe a hankali. Ganyen ya yi baƙi ya lafe. Ya ɗauki goro ɗaya ya matsa, yatsansa ya nutse. Ya ɗauki na biyu, haka. Ya ɓara na uku, bai yi ƙara ba, cikinsa ya yi duhu kamar hanta.

Ya rufe jakar. Zinariya ta miƙa masa ruwa ta ce, "Sha."

Yazid ya tare su a tasha, ya kai su masauki a tsohon gari, inda lunguna suke matsattsu kamar na cikin birnin Daura, wani ma mutum biyu ba sa iya jerawa. Jafaru bai ɗaga kai ya kalli komai ba. Yana shiga ɗaki ya shimfiɗa tawul a ƙasa, ya zazzage huhun, ya fara tsincewa ɗaya bayan ɗaya. Na can tsakiya, waɗanda ƙanƙarar ba ta kai gare su ba, su suka tsira. Ya lissafa sau biyu. Arba'in da ɗaya.

Yazid ya tsuguna kusa da shi ya ce, "Baffa, akwai kantin 'yan Afirka a nan. Suna da goro. Mu sayo mu cika, mu sa naka a sama."

"Wane iri ne?"

"Ya ɗan bushe. Amma mutanen nan sun daɗe rabonsu da gida, ba za su gane ba."

"Ni na gane."

"Baffa, Dakta ya tara mutane. In muka je da wannan kaɗai..."

"In muka je da na kanti muka ce na Mai'adua ne, da ƙarya aka fara aurenka. Ubanka bai aiko ni da wannan ba."

Zinariya ta dubi Yazid ta ce, "Ka ji ko? Tashi ka nemo masa hula, kada ya je gaban mutane da kai kamar ƙwarya."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka taru a gidan Dakta Usman. Falon ya cika, mutum ya kai saba'in, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan Gana, wasu sun yi tafiyar awa uku. Aka yi addu'a, aka gaisa. Jafaru ya tura ɗan faranti gaban Dakta, ya yaye mayafin da ke kai. Goron ko gindin farantin bai gama rufewa ba.

Ya ce, "Dakta, ƙwarya uku na ɗauko daga rumfata. Shekaranjiya a Copenhagen na jiƙa su na shanya a waje yadda muke yi a gida, ƙanƙara ta cinye. Ba jirgi ba ne, ba kwastan ba ne, ni ne. Ga abin da ya saura. Da shi wana Alhaji Nagoggo yake nema wa ɗansa Yazid auren 'yarka Ummukulsum."

Wani dattijo a gefe ya ce, "A waje? Cikin Disamba?" Wani ya yi dariya ya mayar da ita tari.

Dakta ya ɗauki goro ɗaya ya ɓara. Ƙarar ta fito ƙas, har na bakin ƙofa suka ji. Ya sa ɓari a baki ya tauna. Sannan ya ce, "Shekarata ta farko a nan na wanke kayana na shanya a waje. Wandona ya tsaya da ƙafarsa, na lanƙwasa shi ya karye." Ya haɗiye. "Mun ba ku. Amma Malam, mutanen nan na yi musu alkawari, kuma kai ne mai sana'a. Kai za ka raba."

Jafaru ya ja farantin gabansa. A Mai'adua ko wajen sunan ɗan talaka ba ya bari a raba ɓari daga rumfarsa. Ya zauna ya ɓara arba'in ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, ya tashi ya bi layi yana sa wa kowa ɓari guda a tafin hannu. Ɓari goma da suka rage aka shiga da su wurin mata. Dattijon nan ya karɓi nasa ya ce, "Allah ya amfana, Sarkin Ƙanƙara." Kafin a watse sunan ya bi falon, kuma Jafaru ya san zai riga shi isa gida, don ya ga mutum uku suna danna waya.

Ranar Lahadi suka kamo hanyar gida a jirgin sama, Zinariya ta toshe kunnuwanta da auduga. Abin da suka rasa a tafiyar: goro ɗari biyu da hamsin da tara, hula zanna bukar ɗaya, buhun algarara ɗaya, da tawul ɗin masauki da ruwan goro ya rina.