Kwana Huɗun Malam Mounkaïla a Ƙanƙara

"Ba zan zauna ba," na ce wa daraktan lakwal, wato makarantar boko. "Gawa na zo karɓa, ba kujera ba."

Hausarsa ba ta wuce ta cinikin tumatir ba, sai ya kira Latifatou mai buga masa takardu, 'yar Zongonmu, ta tsaya tsakaninmu tana tafinta.

Wanda nake nema Malam Mounkaïla ne. Shekara goma sha tara ƙofarsa na kallon tawa. Daga wajen Kandi ya zo, ba mata, ba ɗa, ban taɓa ganin wani ya sauka da jaka ya ce shi ɗan'uwansa ne ba. Yana idar da asuba sai lakwal, ba ya dawowa sai tuwon da na aje masa a bakin ƙofa ya sandare. In an tashi yara, shi lokacin yake fara wani aikin, wato koya musu wasan kwaikwayo. Zannuwana sun hau dandali, turmina ya hau, har butata ta taɓa fitowa a sarauniya. In na yi faɗa sai ya ce, "Inna Saude, butarki ta fi yaran nan iya wasa."

Ran Alhamis bayan la'asar ya faɗi a aji, yana nuna wa wata yarinya inda za ta tsaya. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Sai mutanen lakwal suka wuce da shi unguwar Akpakpa, suka zura shi ɗakin ƙanƙara na ajiye gawa. Ba wanda ya tako Zongo ya faɗa mana. Na ɗauke tuwon Alhamis na sa na Juma'a, ina ta zaginsa a raina. Sai Asabar na ji a bakin 'yan mata a famfo. Liman ya je karɓo shi da mutum uku, aka ce sai da takardar lakwal, lakwal kuwa a kulle har Litinin. Shi ne Litinin ɗin na hau zam, babur ɗin haya, tun da sassafe, ni da gwiwar nan tawa.

"Inna, ya ce ki yi haƙuri," in ji Latifatou. "Wai girmama shi za su yi. Asabar ta sama za a sa akwatinsa gaban dandali, yara su yi wasan da ya bari. Har an kai yadi iri ɗaya wajen tela."

"Akwati? Ce masa mutumin nan salla ba ta wuce shi. Mu namu ba ya kwana. Yau kwanansa huɗu a sanyi kamar kifin kasuwar Dantokpa, mutumin da ko ruwan randa ba ya sha saboda ƙirji."

Darakta ya cire tabarau ya murza ido. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya yi kuka kafin na zo. Ya yi magana a hankali.

"Ya ce su a nan haka suke yi wa babban mutum. Kuma dangi kawai ake miƙa wa gawa. Wai ke mece ce tasa?"

Me zan ce? Mai tuwo?

"Maƙwabciya."

Ya buɗe hannuwa, alamar shi ke nan. Sai na tuɓe silifas, na zube a bakin ƙofar ofishin, na miƙe ƙafa.

"Ki faɗa masa ba mai shiga, ba mai fita. In ƙanƙarar da sauran wuri, ya kai ni kusa da shi."

"Inna, don Allah, yara na kallo."

"Su kalla. Ai kallo ya koya musu."

Latifatou ta tsallake ƙafata. Ita ma ta yi wasa a hannunsa tana ƙarama. Ta jawo aljihun wani kabad na ƙarfe, ta fito da takardu da suka yi ja don tsufa, tana lasar yatsa tana buɗewa. Can ta tsaya. Ta karanta wa darakta da Faransanci, sannan ta juyo.

"Takardar da ya cika ce lokacin da aka sabunta sunayen malamai. Wanda za a sanar in wani abu ya same shi. Ya rubuta Saude, Zongo, gida ɗaya. Wajen dangantaka ya sa uwa."

"Nuna mini."

Ta ɗora yatsa a wurin. Ni ban ga komai ba sai ƙananan ƙugiyoyi na shuɗin biro. Na daɗe ina kallonsu.

"To wa ya kamata ya buɗe kabad ɗin nan ran Alhamis?"

Ta faɗa masa. Ya dubi tebur. Na sake tambaya, ya sake duban tebur. Har yau ba a ba ni sunan mutumin ba, kuma ban daina zuwa ba, mai gadi ma ya san takuna.

Aka kawo tawada na dangwala yatsa. Darakta ya tambaya a hankali, to wasan yaran fa?

"Su yi abinsu. Shi ya gama."

Azahar ta gota aka sauke shi a tsakar gidanmu. Na fito da likkafanin da na aje wa kaina a ƙasan akwati, na miƙa. Jim kaɗan mai wanka ya leƙo ta bayan tabarmar da aka kare.

"Hajiya, hannun ya ƙi miƙewa. A taimaka da ruwan ɗumi."

Na hura gawayi, na ɗora babbar tukunyar tuwo. Ina tafasawa, ina sirkawa, ina gwadawa da gwiwar hannu kamar na wankan jariri, ina turawa ta ƙarƙashin tabarma. Bokiti bakwai.

Bayan la'asar maza suka ɗauke shi. Gidan ya yi tsit, sai ruwa da ke bin kwata. Silifas ɗinsa na alwala na nan a bakin ƙofarsa, ɗaya kan ɗaya. Na je sauke tukunya, na tarar da sauran ruwa a ciki. Na tsoma hannu. Da ɗuminsa.